Gado da Ciwon Dasashi: Sharhi a Kan Ra'ayin Kornman Bisa Ma'aunin Ƙasar Tsafe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan ra'ayin da ke cewa ƙwayoyin gado masu sarrafa kumburi su ne ke nuna wanda ciwon dasashi zai yi wa tsanani. Za mu auna ra'ayin da halin da ake ciki a Kucheri da sauran garuruwan Tsafe, Gusau da Bunguɗu, domin mu ga inda ya tsaya da ƙafarsa da inda ya gaza.

2.0 Tushen Ra'ayin

Idan dattin haƙori ya taru a bakin dasashi, jiki kan saki wasu sinadarai domin yaƙar ƙwayoyin cuta. Ɗaya daga cikinsu shi ne IL-1. In ya yi yawa, sai kumburin da ya zo kariya ya koma cin nama da ƙashin da ke riƙe da haƙori. A shekarar 1997 Kenneth Kornman da abokan aikinsa suka wallafa cewa masu ɗauke da wani sauyi a ƙwayoyin gado biyu, wato IL-1A da IL-1B, sun fi saura faɗawa cikin matsanancin ciwon.

Lalle ne mu ba wannan aiki haƙƙinsa. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma nazarin tagwaye da Michalowicz ya wallafa a Amurka a 2000 ya danganta kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane a wannan ciwo ga gado.

3.0 Inda Ra'ayin Ya Gaza

Da farko, mutanen da Kornman ya gwada 'yan asalin arewacin Turai ne, inda kusan kashi 30 cikin ɗari ke ɗauke da sauyin. Da Armitage ya gwada 'yan asalin Sin su 300 a shekarar 2000, kashi 2.3 kacal ya samu. Tun da haka ne, babu hujjar ɗauko mudun Turai a auna hatsin Zamfara da shi, balle ga shi masana sun tabbatar cewa bambancin gado tsakanin mutanen Afirka ya fi na kowace nahiya yawa.

Na biyu, a cikin aikin shi kansa, alaƙar ta bayyana ne ga waɗanda ba su shan taba. Ga mashaya taba kuwa ba a gan ta ba. Wato ɗabi'a guda ta isa ta danne tasirin gado. To, ina ga yunwa?

Na uku, ra'ayin ya tsaya ne kan ciwon manya mai tafiyar hawainiya. A arewa maso yammacin Nijeriya kuwa akwai wanda ya fi shi gaggawa, shi ne cutar zaizayar baki da likitoci ke kira Noma. Takan fara da kumburin dasashin ƙaramin yaro, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Saboda ita aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Binciken da masana daga Janiba suka gudanar a Damagaram daga 2001 zuwa 2006 ya gano cewa tamowa, da zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ƙirji a watannin da suka gabata, da yawan haihuwar uwa, su ne ke gaba wajen jawo ta. Ko da yake cututtukan biyu ba ɗaya ba ne, ƙofarsu ɗaya ce, wato dasashi, kuma dukkansu sun rataya ne a kan yadda jiki ke mayar da martani.

4.0 Kammalawa

Abin tsoro a nan shi ne kalmar "gado" kanta. Idan aka ce wa magidanci a Kucheri ciwon bakin ɗansa gado ne, yana iya naɗe hannu, alhali a matakin farko wanke baki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da abinci mai gina jiki suna iya tsayar da cutar. Haka kuma kuɗin da za a kashe a gwajin gado ya fi amfani a allurar rigakafin ƙyanda, da ciyar da yara, da koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani duba bakin kowane yaro da aka kawo.

Saboda haka muna kira ga jami'o'inmu na Sakkwato, Zariya da Kano da su yi nazarin gadon mutanenmu da kansu, suna haɗa shi da abinci, da taba, da amfani da asuwaki. Kafin wannan ya samu, bai kamata a koyar da sakamakon 1997 a matsayin hukunci a kan Bahaushe ba.