Sai Ta Suma Kafin A Saurare Ta

Duk mai karanta littattafan Hausa na WhatsApp da Wattpad ya san wannan shafin. An ce wa yarinya 'yar shekara 16 an ba da ita. Ta shige ɗaki, ta daina cin abinci, rannan ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti likita ya cire tabarau ya ce zuciyarta ta kumbura, in aka ƙara ɓata mata rai komai na iya faruwa. Nan take Abba ya sauko, aka fasa auren.

Na karanta wannan ya fi a ƙirga, kuma abin da ke damuna shi ne kwanakin da ta yi a ɗaki, waɗanda marubuciya ta tsallake da layi biyu. A can labarin yake. Me take tunani da tsakar dare? Wa ta so ta gaya wa, kunya ta hana? Ba a gaya mana ba. Ƙuncinta bai da ƙima sai ya koma ciwon jiki, ko kuma a ce aljanu ne a kira mai ruƙiyya. Yarinyar da ke karantawa a ƙarƙashin bargo tana ɗaukar darasi: muddin kina tsaye da ƙafafunki, lafiyarki ƙalau.

Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka yi wa aure tana ƙarama, ta fi su ƙarfin hali tun 1990 a Wa Zai Auri Jahila? An cire Abu daga makaranta, aka aura wa Sarkin Noma, sa'an mahaifinta. Ba ta suma ba, guduwa ta yi. Balaraba ta bar mu mun ga tsoro da fushin yarinya a tsaye. Sai dai ko ita, da Abu ta samu ilimi ta zama ma'aikaciyar jinya, sai ka ji kamar takardar shaida ta wanke komai. Ni ban yarda tabon irin wannan daren yana bin satifiket ya tafi ba.

Samari kuwa ba su ma samu wannan ba. A littattafanmu yaro ɗan shekara 17 ko dai ɗan gata ne mai mota, ko ɗan shaye-shaye da ake tsinewa.

A damunar 2022, da Kogin Haɗeja ya cika ya shafe gonaki da gidaje a wajenmu Auyo, na ga wani yaro a makarantar da mutane suka fake. Shinkafar da ya noma da mahaifinsa ta tafi. Kwana da kwanaki yana zaune jikin bango, ba ya magana, ba ya barci. Manya suka ce yaron akwai haƙuri. A sana'ata ta rubuta manhaja, matsalar da muka fi tsoro ita ce wadda ba ta nuna alamar kuskure a fuskar kwamfuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Yawancinsu ba za su taɓa ganin asibitin Kazaure ko na Dawanau ba, amma da yawansu na da waya a hannu, suna jiran kashi na gaba. Har yau ina neman littafin da wannan yaron zai buɗe ya ga kansa, ban samu ba. In wani ya san shi, ya turo min sunan.