Unguwar Sabo a Idon Abner Cohen

Ɗalibin da ya shiga jami'a domin ya koyi ilimin zaman jama'a, in ya kai ga darasin birane, da wuya a ƙi ba shi littafin Abner Cohen, *Custom and Politics in Urban Africa*, na shekarar 1969. Cohen ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, a 1962 da 1963. Duk wanda ya tashi a zango, ko a Kumasi ko a Yawunde, zai ga gidansu a ciki.

Tambayarsa mai kyau ce. Me ya sa baƙo a birni yakan ƙara riƙe al'adarsa fiye da ɗan'uwansa na gida? Amsarsa ita ce ciniki. Shanu suna gangarowa daga arewa, goro yana hawa, kusan kome a kan bashi. Maigida yana saukar da fatake, dillalansa su sayar wa mahauta Yarabawa, in mahauci ya ƙi biya kuwa, maigida ne zai tsaya. Irin wannan amana tana bukatar harshe ɗaya, da sarki ɗaya mai yin shari'a. A nan littafin ya yi gwaninta ƙwarai, gama ya nuna yadda kuɗi ke tafiya ba takarda.

Inda na rabu da shi, batun addini ne. Ya ce sa'ad da mulkin Turawa ya soma janyewa, ikon Sarkin Sabo ya raunana, sai mutanen unguwa suka shiga ɗarikar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, suka ware masallacin Juma'arsu, ta haka suka tsare kasuwarsu. To, amma a lokacin nan koyarwar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha tana bazuwa a Kano, inda Bahaushe ba baƙo ba ne, ba ya kuma tsoron wani ya ƙwace masa fataucin goro. Mai ibada, ko na wane addini ne, ba zai yarda a ce addu'arsa shingen kasuwa ce kawai ba.

Littafin kuma ya ba zango ƙarfin da ya fi nasa. A shekarar da aka buga shi, gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita, zanguna da yawa suka yi kango. Busia kuwa, kafin ya hau mulki, farfesan ilimin zaman jama'a ne a Legon.