Zaman Jiran Miji a Zongon Kwatano: Tsakanin Hukuncin Risala da Bakin Unguwa

Zongo gari ne a cikin gari. Wanda ya shiga unguwar Zongo ta Kwatano, ya ji Hausa da Zabarmanci da Dendi suna tashi a gindin babban masallaci, zai fahimci cewa kowa a nan ya san kowa, amma kaɗan ne suka san kakannin juna. A ƙauyen Katsina ko Maraɗi, mace tana da dangin da za su tsaya mata idan aka taɓa mutuncinta. A zongo kuwa shaidar maƙwabta ce danginta. Wannan ya sa zaman jiran mijin da yaƙi ya ɗauke ya fi nauyi a nan.

Al'adar ba sabuwa ba ce a wannan gaɓar teku. A 1891 Faransa ta kafa rundunar da ta kira sojojin Hausa, kuma da su Kanar Dodds ya yaƙi Sarki Behanzin na Dahomey, wato Benin ta yau, a 1892, aka ci babban birninsa Abomey. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da abin da ya fi haka ɗaci. Bayan faɗuwar Faransa a Yunin 1940, Jamusawa suka tsare dubban sojojin Afirka a sansanonin fursuna. Dahomey ta kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942, Najeriya kuma tana hannun Ingila, sai iyakar da fatake suka saba ƙetarawa ta zama ta abokan gaba. Mace tana zaune ba wasiƙa, ba sallahu, ba gawa.

Fiƙihun Malikiyya bai bar irin wannan mata a rataye ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato har bakin teku, ta ba matar wanda ya ɓace shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, ta yi aure in ta so. Idan ba a bar mata abin ci ba, tana iya neman rabuwa tun kafin wannan wa'adi. Mukhtasar na Khalil ya ware wanda ya ɓace a fagen daga, ya gajarta jiran a kansa. In har ta tare da sabon miji, na farko ko ya dawo ba shi da hanya gare ta. Malaman da suka tsara wannan sun dubi mace a matsayin mai rai, mai ciki, mai ƙuruciyar da ke wucewa.

Bakin unguwa ba shi da wa'adi, kuma makaminsa habaici ne. A matsayin fasahar magana, habaici abin sha'awa ne: ba ya kama suna, sai ya bar mai tsarguwa ta tsargu, shi ya sa ake cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ana jefa shi a wurin wanki, a gidan suna, a bakin famfo, ana yi wa kaza ko yaro faɗa alhali da wata ake. A Kwatano har zane yana magana, domin atamfofin kasuwar Dantokpa suna da sunaye, akwai wadda ake kira idon kishiya, kuma mata sun san abin da ɗaura ta yake nufi. Sai dai wannan gwaninta ita ce zaluncinsa. Zargin da aka faɗa ƙarara ana iya kai shi gaban liman a nemi shaidu. Habaici ba ya karɓar amsa. Wadda ta tanka ta amsa laifi, wadda ta yi shiru an ce kunya ta kama ta. Ta sa lalle, an ce wa take yi wa? Ta bar kwalliya, an ce tana yi wa mijinta fatan mutuwa.

Ba zan hana wa gulmar zongo haƙƙinta ba. Idon da ke ƙirga fitar mace shi ne ke lura cewa ba a hura wuta a ɗakinta ba, a aiko da kwano. Amma ma'auninta ɓangare ɗaya yake aunawa. Sojan da ya dawo da mata daga wata ƙasa, maraba ake yi masa.

Jiran bai ƙare ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar Malanville da Gaya da ke kan iyakar Benin da Nijar, direbobin manyan motoci suka maƙale a hanya, wasu suka koma bin dogon zango mai haɗari. A Afrilun 2025 gwamnatin Benin ta tabbatar da mutuwar sojoji 54 a arewacin ƙasar. Waya ta rage duhun labari, amma ta kai habaici WhatsApp.

Abin da ya fi damuna wata 'yar ƙa'ida ce a cikin Risala. Shekara huɗun nan ba daga ranar da miji ya fita ake ƙirga su ba, sai daga ranar da matar ta kai ƙara aka bincika labarinsa. Zuwa ƙofar malam da wannan magana, a unguwar da kowa ke ganin kowa, tamkar shelar cewa ta gaji da jira ne. Don gudun a ce ta ƙosa, mace sai ta shekara goma ba a ma fara ƙirga mata rana ɗaya ba.