Zauren Mapo: Ginin Baƙo, Gadon 'Yan Gari

Duk wanda ya nufi tsohon garin Ibadan, idonsa zai fara sauka ne kan Zauren Mapo, wanda ke zaune bisa tudu, rufin kwano masu tsatsa sun kewaye shi ta ko'ina. An aza harsashinsa a 1925, zamanin Razdan Kyaftin Ross, aka kammala shi a 1929 bisa jagorancin injiniya Robert Taffy Jones. Masu yabo kan kira shi abin tinƙahon Ibadan. Na yarda da yabon, amma ina ganin sukan rataya shi inda bai dace ba.

Mu fara da sigarsa. Dogayen ginshiƙai a jere, da matakalai da ke ɗora mai shigowa sama, duk aro ne daga salon Girkawa da Romawa wanda Ingila ke yi wa gidajen hukuma ado da shi. Fadar Yarabawa kuwa tafasasshiya ce a ƙasa: tsakar gida a buɗe, baranda mai inuwa, ginshiƙan itace da aka sassaƙa da siffofin mutane. Babu ɗaya cikin waɗannan da maginin ya waiwaya. Gininsa yana son talaka ya ɗaga kai kafin ya buɗe baki. Kada kuma a manta, Ross ne ya ɗora Alafin na Oyo a kan Ibadan, ya mai da garin mayaƙa mabiyi.

To, ina darajarsa take? A ganina tana cikin abin da 'yan gari suka yi da shi. A 1934 Ibadan ta fita daga ƙarƙashin Oyo, a 1936 sarautar Baale ta koma Olubadan. Yau a harabar Mapo ake naɗa Olubadan, a nan 'yan siyasa ke neman yardar jama'a, kasuwar Oja'ba kuma na ci a gindin tudun. Wanda aka gina wa tsoro ya zama mai gida.

Don haka mai nazarin da ya tsaya ƙirga ginshiƙai ya auna kwarya ya bar nono. Idan za a kashe kuɗi a gyara Mapo, a fara da tambayar ko ƙofarsa na buɗe ga mai tallan goro kamar yadda take buɗe ga gwamna.