Alƙalin Kare: Daga Zauren Crufts Zuwa Dajin Gulbin Kaba

A ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba, daga ƙasar Tasawa har cikin Mayahi a jihar Maraɗi ta Nijar, mafarauci ba ya yanke wa kare hukunci a tsakar gida. In aka nuna masa kwikwiyo zai duba ƙafa, ya duba ƙirji, ya tambayi wace karya ta haife shi, sannan ya ce a bari kaka ta wuce. Sai an kawar da gero da wake, an fita daji, zomo ya tashi, sannan za a san ko kiwo aka yi ko asarar ƙanzo. A Ingila kuwa akwai mutum mai muƙamin alƙalin karnuka, wanda yake ba karen farauta lamba ta ɗaya a cikin zaure mai shimfiɗa da fitilu, babu tsuntsu, babu ƙarar bindiga. Masu wannan al'ada sun fi shekara ɗari suna gardama a kanta, kuma gardamar tasu ta taɓa abin da mafarautanmu suka sani amma ba su rubuta ba.

Karen da ake magana a kai ba mai kora ba ne, mai ɗaukowa ne. A tsakiyar ƙarni na 19 bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya ta yaɗu a Turai, manyan masu filaye a Ingila da Sikotland suka shiga harbo tsuntsaye masu yawa a yini guda. Sai suka buƙaci karen da zai zauna shiru kusa da maharbi ana ta harbi, ya lura da inda kowane tsuntsu ya faɗi, in an aike shi ya je ya kawo. Kakannin karen ɗaukon da ake kira Labrador daga tsibirin Niyufanlan suka zo, inda suke taya masunta aiki cikin ruwan sanyi, ƙungiyar masu karnuka ta Kennel Club kuma ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 1903. Ɗan'uwansa mai gashi ruwan zinariya ya samo asali ne daga haɗin da Lord Tweedmouth ya fara a gandunsa na Guisachan a 1868. Baje-kolin karnuka na farko da aka tsara an yi shi a Niyukasil a 1859, kuma karnukan maharba kaɗai aka kawo. Kennel Club ta kafu a 1873, baje-kolin Crufts ya fara a 1891, yau kuma a Barmingham ake yin sa duk watan Maris.

A cikin zaure, alƙali ba ya gwada kare da kare tukuna. Yana gwada kowanne da wata siffa da aka rubuta a takarda. Mai kare zai tsayar da shi, ƙafafu a daidaice, kai a ɗage. Alƙali ya buɗe baki ya ga ko haƙoran sama sun rufe na ƙasa daf da daf. Ya shafa kafaɗa, ya bi haƙarƙari da tafin hannu, ya tura yatsu cikin gashi yana neman gashin ciki mai hana ruwa shiga. Ya kama wutsiya, wadda a Labrador ake son ta da kaurin gindi tana sirancewa zuwa ƙarshe. Takardar Ingila ta ce namiji ya kai santimita 56 zuwa 57 a kafaɗa, mace 55 zuwa 56, launi kuma baƙi ko rawaya ko ruwan hanta. Daga nan a sa mai kare ya yi sassarfa da shi, ya tafi ya dawo, ya zagaya, alƙali yana kallon yadda ƙafar baya take turawa da yadda ta gaba take miƙewa. Cikin 'yan mintoci an gama da wannan, an kira na gaba.

Ba daidai ba ne a ce wannan duk ado ne. Kowace siffa a takardar tana da dalilin aiki a bayanta. Muƙamuƙi mai ƙarfi don ɗaukar tsuntsu mai nauyi ne, faɗin ƙirji don numfashi, gashin ciki don ruwan hunturu, kafaɗa mai kyau don kare ya yini yana tafiya bai gaji ba. Mafaraucin garin Kanambakashe da yake duba ƙirji da ƙafar kwikwiyo irin karatun nan yake yi. Inda aka rabu shi ne, shi ya ɗauki abin da ya gani a matsayin alama, yana jiran daji ya gaskata ko ya ƙaryata. Zaure kuwa ya mai da alamar ita ce hukuncin.

Abubuwa uku da suka sa karen ɗauko ya amsa sunansa, hannun alƙali ba ya taɓa ko ɗaya: hanci, da baki, da kamun kai. Turawan sun san haka, shi ya sa tun 1865 suka buɗe wata kotun a fili, inda ake gwada karnuka a ranar harbi ta gaske. A gwajin karnukan ɗauko, kare yana tafiya a gefen ubangidansa ba igiya. Bindiga ta tashi, tsuntsu ya faɗo a gabansa, bai isa ya motsa ba sai alƙali ya ba da izini. Wanda ya zabura kafin a aike shi an fitar da shi. Wanda ya yi haushi ko ƙugi an fitar da shi. Wanda ya bar tsuntsun da aka aike shi ya bi zomon da ya gilma, ko ya ƙi shiga ruwa, ko ya yar da na bakinsa ya ɗauki wani, duk hanyarsu ɗaya. In ya kawo tsuntsun, alƙali zai karɓa ya laluba haƙarƙarinsa. Ya ji ƙashi a murƙushe, an kama karen da laifin taurin baki, komai kyan sauran aikinsa. Wanda ya fi burge alƙalai shi ne karen da ya bi sawun tsuntsu mai rauni da ya gudu cikin ciyawa har ya samo shi, musamman in an riga an aiki wani ya dawo baki wofi.

Kotu biyu sun haifi kare biyu. A 1932 da 1933 wani Labrador mai suna Bramshaw Bob, na Lorna Countess Howe, ya zama zakaran Crufts gaba ɗaya, alhali shi zakara ne a fili ma. Labrador na ƙarshe a Birtaniya da ya haɗa kambun zaure da na fili shi ne Knaith Banjo, wanda aka haifa a 1946. Tun daga shi ba a sake ba. Na zaure ya yi ta ƙara jiki da faɗin kai, na fili ya zama siriri mai sauri, har wanda bai sani ba zai ce ba iri ɗaya ba ne. A 1958 Kennel Club ta ƙirƙiro lambar zakaran baje-koli ga karen maharba da ya ci takardar yabo uku a hannun alƙalai uku amma bai nuna aiki a fili ba, ta bar cikakkiyar lambar zakara ga wanda ya nuna. A ganina wannan amsa laifi ne a rubuce: ƙungiyar da kanta ta yarda hukuncin zaure rabin hukunci ne. Da tashar BBC ta nuna wani shiri a 2008 kan cututtukan da neman siffa da auren dangi suka jawo wa karnukan baje-koli, sai da ƙungiyar ta sake duba takardun siffofin nata.

A ƙasar Tasawa da Mayahi kotun ɗaya ce, kuma a buɗe take. Farautar rani ta taron jama'a ce: samari da manya daga ƙauyuka da yawa, da gora da kere da gatari, wasu da kwari da baka ko bindigar gargajiya, karnuka a gaba. Abin da ake samu yau ƙananan namun daji ne, zomo da kurege da gafiya da damo, sai zabon daji da fakara in an dace. Karen nan aikinsa ya fi na Labrador yawa, domin shi zai shinshino, shi zai tayar, shi zai kora, shi zai kama. Ba wanda ya damu da launinsa. Ana kallon ko yana yanke wa zomo hanya in ya yi kwana, ko yana jure ƙaya da zafin rairayi, ko yana komowa in an kira. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma a daji maganar a zahiri take: sunan da kare ya yi bara ba ya kama masa komai bana.

Amma tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce abin da kare yake yi da nama in ya shiga bakinsa kafin ubangidansa ya iso. A nan mafaraucin Musulmi yana da ma'auni rubutacce wanda ya girmi Kennel Club da fiye da shekara dubu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo wa mai ita, in an ambaci sunan Allah. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta kawo hukuncin a babin yanka da farauta. Malamai sun bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya, kuma sharaɗi ne mai shi ne ya aike shi, ba shi ya zabura don kansa ba. Duba yadda wannan ya yi daidai da laifin farko da ake korar kare a kansa a filin Ingila. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya hana cin abin da kare ya ci daga jikinsa, domin ana tsoron kansa ya kama wa. Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya sun riƙe wannan sharaɗi, Malikiyya kuwa sun sassauta. Ko da sassaucin, mafarauci ya san karen da yake tsere wa da zomo cikin kaba ya cinye ba abokin tafiya ba ne. Taushin baki ma yana da daraja ta daban a wurin Musulmi: dabbar da aka riska da sauran rai dole a yanka ta, karen da ya riƙe bai murƙushe ba shi ya ba ka damar sa wuƙa.

Hadisin nan ya kuma yi gargaɗi kan naman da ka tarar wani kare daban yana kai tare da naka, ba ka san wanda ya kashe ba. Duk wanda ya san farautar taro ya san nan ne raunin kotun tamu. Karnuka biyar a kan zomo ɗaya, kowane mai kare yana rantsuwa nasa ne ya fara kamawa, kuma sau da yawa mai ƙarfin dantse da yawan 'yan gari shi ke tafiya da naman. Rigimar farauta ta sha raba ƙauyuka, ta sha jawo rauni. Sarkin farauta yana sasantawa, amma bayan ƙura ta tashi. Alƙalin filin Ingila yana aiken kare ɗaya a lokaci ɗaya, don haka kowa ya ga aikin kowa. Wannan tsari ya fi namu adalci ga karen kansa, domin a hayaniyar taro kare mai natsuwa yakan ɓace, mai zafin kai ya kwashe kirari. Akwai kuma abin da ke ci mini rai: karen da ake wa kirari da rani, da damina sau da yawa ba mai tuna cikinsa, allurar ciwon hauka kuwa kaɗan ne suke samu, alhali cizon mahaukacin kare yana kashe yara a ƙasashenmu.

Kada a ɗauka zauren Turai ya yi mana nisa. Dogon karen nan na Buzaye, wanda ya ɗauki sunan kwarin Azawak da ke tsakanin jihar Tawa da ƙasar Mali, an kai shi Turai a farkon shekarun 1970. Yau yana da takardar siffa a ƙungiyar karnuka ta duniya mai mazauni a Beljiyam, kuma Faransa ce take riƙe da alhakin takardar. Ta ce namiji santimita 64 zuwa 74, ta taƙaita launi ga ja-ja da ruwan ƙasa da 'yan wuraren fari, alhali a rugagen Sahel ana ganin launukan da suka wuce haka. Ke nan kare zai iya zama abin alfaharin makiyayi, ya kori dila ya kamo barewa, a kai shi zaure a ce bai cika ba. Ƙungiyar karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikakken rajista a 2019, ita kuma ba ta ƙuntata launi ba. Masu karen na asali ba su ne suka rubuta ko ɗaya daga cikin takardun biyu ba.

Abin da ke barazana ga kotun daji a jihar Maraɗi ba baje-koli ba ne, ƙarewar dajin ne. Fari na 1973 da na 1984, da ƙaruwar jama'a, sun sa gona ta haɗe da gona daga Korgom zuwa Urafan, saura ta yi wuya. Manyan namun da suka rage sai a wurare irin gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, kuma farauta haramun ce a cikinsa. Dokar Nijar mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta sa farauta ƙarƙashin izini da lokaci, ma'aikatan gandun daji kuma suna da hurumin kama mai karya ta. Ina goyon bayan kare namun da suka saura. Sai dai in fita ta ragu, sanin kare zai koma ga siffa kawai, ga tsawon ƙafa da kyan gashi, wato hanyar da Labrador ya bi.

Turawa suna da gwaji na uku da ba a zubar da jini: bayan lokacin harbi ya wuce, sukan jefa ƙunshin tamfol a madadin tsuntsu, su auna zaman kare da biyayyarsa da hancinsa. Ba abin da zai hana a yi irinsa a bakin Gulbin Kaba bayan kaka, da busasshiyar fatar zomo da aka ja a ƙasa aka ɓoye cikin kaba. A saki kare ɗaya-ɗaya. A ga wanda ya jira aike, wanda ya bi sawu, wanda ya tsaya da aka tsawata, wanda ya saki da aka ce saki. Likitan dabbobi ya zauna a gefe da allurarsa, ba a shigar da karen da ba a yi wa ba. Alƙalan su zama tsofaffin mafarauta, na Mayahi su yi wa karnukan Tasawa hukunci, na Tasawa su yi wa na Mayahi, kuma kada a ba su awon santimita.