Faɗuwar Bagadaza a littafin Suyuɗi, da gefen labarin da muke tsallakewa

 

A karatunmu na tsakanin Magariba da Isha'i mun iso babin Musta'asim Billahi a cikin Tarihul Khulafa na Imam Jalaluddin Suyuɗi, Allah Ya jiƙansa. Daren nan masallaci ya cika har bakin ƙofa, waɗanda ba su saba zama ba ma sun zauna. Labarin Tatar ai ba ya rasa masu saurare. An tashi ana ta salati, kowa na tsine wa waziri Ibnul Alkami. Mu kuwa mun tashi da ɗan nauyi a zuciya, shi ya sa muke wannan rubutu.

Suyuɗi namu ne. Tafsirin Jalalaini da ake karantawa kowane azumi a zanguna tun daga Lome har Kumasi, rabinsa aikinsa ne, kuma ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Wannan littafin ma yana da daɗin koyarwa: gajere ne, Larabcinsa bai fi ƙarfin ɗalibi ba, kuma ya jera halifofi ɗaya bayan ɗaya yadda yaro zai riƙe. To amma a nan ƙarfinsa yake, a nan kuma rauninsa. Littafin da aka gina kan halifofi, idonsa na kan fada. Za ka ji halin sarki, ka ji makircin waziri, ka ji an rage sojoji da shawararsa, sai ga Hulaku a bakin ganuwa a shekara ta 656 Hijiriyya, wato 1258. Mutumin kasuwa da mai dako ba sa bayyana sai a lissafin gawawwaki. Ga shi kuma Suyuɗi ya rasu a 1505, kusan shekara 250 bayan abin ya faru, a Masar yake rubutu, daga littattafan waɗanda suka gabace shi yake ɗebowa.

Wanda ya buɗe Albidaya wan Nihaya na Ibnu Kasir zai ga birnin ya daɗe yana ciwo kafin baƙi su iso. A 654 ruwan Dijla ya yi ambaliya, ya shiga gari, gidaje masu yawa suka rushe. A 655 rikici ya ɓarke tsakanin Ahlus Sunna da 'yan Shi'a, aka wawashe unguwar Karkh. Sojojin da suka kusan dubu 100 a ƙarshen zamanin Mustansir suka koma wajen dubu 10, kuma Ibnu Kasir ya ce da yawansu sun koma bara a kasuwanni da ƙofofin masallatai. Ku tsaya a nan, ɗalibai. Sojan halifa ne fa yake miƙa hannu a ƙofar masallaci, alhali taskar fada cike take. Har akwai labarin da masu tarihin Farisa suka kawo, cewa Hulaku ya sa aka ajiye wa halifa zinariya a faranti ya ce ya ci, ya tambaye shi me ya hana shi raba ta ga mayaƙansa. Ibnu Kasir shi ma ya ɗora laifi mai yawa a kan wazirin, ba mu ɓoye ba. Sai dai waziri shawara yake bayarwa, mai hatimi daban ne. Ɗora komai a wuyan mutum ɗaya yana da sauƙi, don yana wanke sauran masu riƙe da mabuɗin taska.

Mu da muke Lome bai kamata wannan gefen ya wuce mu ba. Dattawanmu suna tuna 1977, lokacin da aka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari aka tura jama'a can arewa wajen Agoè, nesa da kasuwa da bakin teku inda abincinsu yake. Wanda yake da shanu ko jarin goro ya sake gini. Yaron da yake kwana a zauren maigida kuwa, da ƙullin kayansa kawai ya tashi. Haka ambaliya take a yau ma: ruwa ɗaya ne ke sauka, amma mai bene yana kallo ta taga, mai ɗakin haya a kwari yana kwashe ruwa da bokiti har asuba. Ku zagaya tashar Agbalépédo da sassafe ku ga 'ya'yan wa ke ɗaukar kaya a kai, ku ga wa ke tuƙa zemijan na wani daga safe har dare don ya haɗa kuɗin mai mashin kafin nasa. Da yawansu sun zauna a gabanmu da allo. Mun san yadda ake tara sefa cikin mako biyu idan za a sa tayil ko sabuwar lasifika, mun kuma san malamin makarantar allo da ya yi wata uku yana jiran abin da aka yi masa alkawari. Ba mu kiran suna, don duk muna cikin kwamitin nan ko muna gaisawa da shi.

Sai batun su Tatar ɗin kansu. A bakin masu wa'azi kamar daga ƙasa suka tsiro, wasu ma har haɗa su suke da Yajuju da Majuju. Mutane ne, makiyaya, sunansu Mongol. Abin mamaki, Tatar wata ƙabila ce dabam da ta sa wa mahaifin Jengis Khan guba, shi kuma daga baya ya murƙushe ta, amma sunan ya manne musu a littattafan Larabawa. Jengis ya tashi maraya, dangi sun watsar da uwarsa da 'ya'yanta, da saiwoyi da kifi suka rayu. A 1206 ya haɗa kan ƙabilun. Abin da ya jawo shi ƙasashen Musulmi kuwa, a 1218 gwamnan Utrar na daular Khuwarizmi ya kashe ayarin fatake da suka zo daga wajensa ya kwashe dukiyarsu, galibin fataken nan kuma Musulmi ne. Mu jikokin fatake mun san nauyin wannan. Ba wanke Mongol muke ba, kisan da suka yi a Bukhara da Marwa da Bagadaza ya wuce misali. Adadin ne dai ya kamata a yi hattara da shi: Suyuɗi ya ce ya haura miliyan ɗaya, Ibnu Kasir ya kawo ƙauli uku daga dubu 800 zuwa miliyan 2, Hulaku da kansa a wasiƙarsa ga sarkin Faransa a 1262 ya ce sama da dubu 200.

Zancen cewa ilimi ya mutu ranar nan, Dijla ta koma baƙa don tawada, shi ma a sassauta. An yi asarar littattafai da malamai, babu shakka. Amma Ibnul Fuwaɗi, wanda aka kama yana matashi a wannan yaƙin, daga baya shi ya riƙe ɗakin littattafan makarantar Mustansiriyya, kuma Ibnu Baɗɗuɗa da ya zo a 1327 ya tarar ana karatu a cikinta. Ginin na nan tsaye har yau. Barka Khan, ɗan uwan Hulaku, Musulmi ne tun kafin faɗuwar birnin, ya kuma yaƙi Hulaku a 1262. A 1295 Gazan, tattaɓa-kunnen Hulaku, ya musulunta.

Jikokin waɗanda suka rage a gida suna nan a ƙasar Mongoliya, kusan rabinsu a babban birni Ulanbato. Makiyayin da sanyi ya kashe wa dabbobi yakan kwaso tantinsa ya kafa a gefen birni, inda babu famfo a gida, ana sayen ruwa a jarka, ana ƙona gawayin kwal don ɗumi har hayaƙi ya rufe gari. Duk wanda ya girma a zango zai gane unguwar.

Ba mu ce a ajiye Tarihul Khulafa ba, za mu ci gaba da shi har ƙarshe in sha Allahu. Roƙonmu ga malamai shi ne, kafin a wuce zuwa Ainu Jalut, inda Kuɗuz da Baibaras suka karya rundunar Mongol a Ramadan na 658, a koma baya dare ɗaya a karanta shekarun 654 zuwa 656 daga Albidaya. Ɗaliban aji na sama su zo da nasu kwafin, wanda ba shi da shi ya zauna kusa da mai shi.