Gwanayen Tsaga Dutsen Burgess

A saman tsaunukan gandun dajin Yoho, cikin lardin British Columbia na ƙasar Kanada, akwai wani baƙi-baƙin dutse da ake kira Burgess. Asalinsa lakar ƙasan teku ce, wadda ta binne halittun ruwa marasa ƙashin baya wuri guda, shekaru kusan miliyan 508 da suka shige. A yawancin duwatsu ɓawo mai tauri kaɗai ke saura. A nan kuwa har idanu da hanji da siraran ƙafafu sun bar alamarsu.

Charles Walcott, shugaban cibiyar Smithsonian ta Amurka, shi ya gano wurin a 1909. Ya yi ta komawa har 1924, ya tara burbushi sama da 65,000.

Dutsen falle-falle ne, kamar littafin da ruwa ya manne shafukansa. Gwani kan fara da duba gefensa, ya nemo layin da lakar ta kwanta, ya ɗora bakin kurfi daidai kansa, ya ƙwanƙwasa da guduma a hankali har dutsen ya buɗe don kansa. In hannu ya karkace, tsagar ta ratsa dabbar, shi ke nan. In ya buɗe lafiya, dabbar takan rabu biyu, rabi a wannan falle, rabi a wancan, don haka ba a raba su. Ana sa musu lamba ɗaya, a rubuta daga wane hawa na dutsen suka fito, domin sanin wa ya kwanta kusa da wa shi ke nuna yadda suka rayu tare. Ganinsu ma sai da dabara: baƙin zane ne a kan baƙin dutse, sai an karkata shi ga haske ko an tsoma shi a ruwa kafin ya bayyana sosai.

Wanda ya fi burge ni shi ne Harry Whittington na jami'ar Cambridge. Ya lura cewa duk da dabbobin sun baje, sassan jikinsu na nan hawa-hawa, wani bisa wani. Sai ya ɗauki ɗan injin huda irin na likitan haƙori, yana kankare dutsen kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, yana ɗaga ɓawo don ganin ƙafar da ke ƙasa. Wannan aiki na son haƙuri da kwanciyar hannu, don abin da aka kankare ba ya komawa.

Da haka ya tabbatar a 1975 cewa wata dabba da ake kira Opabinia ido biyar gare ta. Da haka kuma shi da ɗalibinsa Derek Briggs suka nuna a 1985 cewa abin da aka daɗe ana ɗauka jikin jatan lande ne, ashe hannun Anomalocaris ne, babbar mafarauciyar tekun wancan zamani.

Yau ba mai ɗaukar ko tsakuwa daga wurin sai da izinin hukumar gandun dajin Kanada, kuma masana daga gidan tarihi na Royal Ontario na ci gaba da aikin.